Ƙasan Shafi na Bakwai

Sabo, Ibadan
25 ga Agusta, 2003

Zuwa ga taubashina Yaya Muttaka, sarkin gam da kwali na laburaren jami'a a Wudil.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti Safara'u da yara. Yaya damina? Yaya jikin Gwaggona Barakatu a Kausani? Mu nan lafiya lau, sai ruwan da ba ya ɗaukewa. Baba yana gaishe ka, ya ce ka faɗa wa yayarsa kada ta kuskura ta yi wasa da ƙwayar sugan da asibiti suka ɗora ta a kai.

Aike zan yi maka, kuma ba roƙo nake ba. Kai ɗan mace ne, ni 'yar namiji, ka san wanda ke aiken wani a tsakaninmu.

Na shiga shekarar ƙarshe a karatun harhaɗa magunguna, an ce kowa ya zaɓi abin da zai rubuta kundinsa a kai. Ni na zaɓi garafuni. Kada ka yi dariya. Ina shekara tara Gwaggo ta matse ni tsakanin ƙafafunta ta ɗura mini shi don ciwon ciki, har yau in na tuna sai bakina ya yi ɗaci. Yanzu na ji ita ma tana dafa shi tana sha don suga. So nake in san gaskiyar abin: yana aiki ne, ko dai ɗacin ne kawai ke sa mutane su yarda da shi?

Matsalar ita ce abin karantawa. Laburarenmu babba ne, amma littattafan da suka yi magana a kan tsirrai duk sun girme ni. Sabbin bincike suna cikin mujallu, mujallun kuma suna cikin kwamfuta. Kwamfuta shida ce a buɗe, mu kuwa ɗaruruwa. Sai ka rubuta sunanka a jerin masu jira, ka yi mako biyu, sannan a ba ka minti ashirin. Kafin shafi ɗaya ya gama buɗewa rabin lokacin ya tafi. Yajin aikin da aka yi ya cinye mana wata shida, yanzu malamai suna kora mu kamar za a tashi duniya.

Ɗantani, direban motar shanun da zai kawo maka wannan takarda, shi ya ba ni labari. Ya ce an kafa muku wani ƙaton faranti mai jawo intanet a kan rufin laburare, an zuba kwamfutoci, kuma duk sanda ya leƙo wurinka kujerun a wofi suke. Ku ba ku da ɗaliban magunguna, babu mai yi muku rububi. Na rubuta sunayen bincike biyar a bayan takardar nan. Ka kai wa mai kula da ɗakin, a nemo, a buga, ka ba Ɗantani ranar Juma'a in an tashi daga Kara, kasuwar shanunku. Ina buƙatarsu da gaggawa, malamin da ke duba aikina ba ya jin uzuri.

In ka yi sanyin jiki zan kai ƙararka wurin Gwaggo.

Uwargijiyarka,
Khairiyya

*

Wudil
5 ga Satumba, 2003

Zuwa ga Khairiyya, likitar da ba ta ƙyanƙyashe ba.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso tana warin shanu, Safara'u sai da ta shanya ta a igiya kafin ta bari a shiga da ita ɗaki. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Gero ya yi kyau bana, kogi ya cika har ana tsayawa a kan gada ana kallo. Inna, Gwaggon taki, tana nan da ƙarfinta, ranar Asabar na same ta tana yi wa awaki faɗa. Ƙwayarta tana sha kullum da safe, ki gaya wa Kawu ya kwantar da hankalinsa.

Wato yanzu kin san da zamana. Shekara ashirin da biyu ina ɗinkin littafi, tun ina laburaren cikin birni kafin a buɗe wannan jami'ar a ɗauko ni, ba ki taɓa aiko mini ko da goro ɗaya ba. Yau kin ji an sa faranti.

Na kai sunayen wa Malama Sumayya, ita ce mai ɗakin kwamfuta. Mutuniyar kirki ce 'yar Gombe, kimiyya ta karanta. Ta yi murna ma, ta ce ta gaji da masu zuwa duba sakamakon ƙwallo. Na tsaya a bayanta ina kallo. Khairiyya, ni fa abin nan ya ɗaure mini kai. Ta danna nan ta danna can, sai ga rubutun wasu mutane na can wata duniya ya fito, firinta ta tofo shi da ɗuminsa. Huɗu ta samo, ta ƙara miki biyu da ba ki tambaya ba, na biyar ɗin ta ce ba ya cikin waɗanda aka buɗe mana.

Ni ma na taɓa Turanci, kada ki raina ni. Na karanta shafin farko na kowanne, inda suke taƙaita magana. Dukkansu bakinsu ɗaya: an ba ɓeraye ruwan garafuni, sugansu ya sauka. Da na je Kausani na fassara wa Inna. Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce ashe sai yanzu Turawa suka waye, ita tun kakarta ta sani. Rabon da in ga ta yi farin ciki haka an daɗe.

Takardun kuma ba za su zo wannan makon ba. Shafi sittin da huɗu ne, kowanne a warware. Takarda ba ta fita daga hannuna tsirara, balle ta hau motar shanu ta yi kwana biyu a hanya. Zan jera su, in ɗinke, in sa musu bango, su kwana a ƙarƙashin matsi har gam ya bushe. Da damina gam ba ya son gaggawa. Sannu ba ta hana zuwa.

A gaida Kawu da Umma.

Bawan da ya fi ƙarfin uwargijiyarsa,
Muttaka

*

Sabo, Ibadan
8 ga Satumba, 2003

Yaya Muttaka,

Salamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, mu ma haka, sai mura da ta zaga gidan. A gaida Gwaggo, a yi wa Malama Sumayya godiya, Allah ya saka mata da alheri.

Na ga Ɗantani ya sauko daga mota na ruga har ina tuntuɓe, ya miƙo mini ambulan shafal. Sannu ba ta hana zuwa, gaskiya ne, amma ka manta ƙarshen maganar: sai dai a daɗe ba a je ba. Wa ya ce maka ado nake so? Karantawa zan yi, ba lefe za a sa mini su ba. Ka naɗe su a leda, ka ɗaure da zare, ka aiko. Malamina ya ce in kawo babi na biyu ƙarshen wata, ni kuwa ba ni da abin rubutawa sai sunana.

Sannan wata magana. Na ji daɗi Gwaggo ta yi dariya, amma don Allah kada ka mayar mini da ita ɓera. Shafin farko talla ce kawai, ainihin maganar tana ciki, a jadawali da ƙananan rubutu. Abin da aka gani a jikin ɓera ba lallai shi ne a jikin tsohuwa mai shekara saba'in ba. Ka bari in karanta tukuna.

Ina nan ina ƙirga Lahadi, ranar isowar Ɗantani.

Khairiyya

*

Wudil
3 ga Oktoba, 2003

Zuwa ga Khairiyya mai gajen haƙuri,

Aminci ya tabbata a gare ki. Muna lafiya, an fara yankan gero. Inna ta ce a gaishe ki, ga daddawa da kuka ta aiko, rabi na Umma ne, kada ki cinye.

Na san kin yi Lahadi uku kina zagina. Ba laifina ba ne ni kaɗai. Shugaban laburare ya jibge mini tsofaffin littattafai guda arba'in da aka ba mu kyauta, duk bayansu ya ɓalle, ya ce kafin baƙi su zo daga Kano. Naki nake taɓawa in na samu sarari.

To, buɗe ki gani. Baƙin bango, ɗinkin hannu da zare mai kakin zuma, ba irin na masu shago da ke danna ƙarfe biyu su ce sun gama ba. Sunanki na buga a gaba da ruwan zinariya, harafi ɗaya bayan ɗaya. Kwalin da nake da shi ya ɗan gaza takardun tsawo, sai na sa su a wuƙa na rage ƙasan da kamar yatsa biyu. Shafa bakin ki ji, sumul kamar an haife su tare. Malama Sumayya da ta gani ta ce ba ta taɓa ganin abin da ya fito daga firintarta ya zama mutum haka ba.

Wannan littafin zai riga ki tsufa, amma ba zai riga ki mutuwa ba. Wata rana 'ya'yanki za su ɗauko shi su ce wane ne ya yi wannan aikin, ki ce musu wani bawana ne a Wudil.

Maganar ɓera kuwa, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Uwata ce, na fi ki sanin jikinta.

Ina jiran godiya, kuma ta cika shafi.

Muttaka

*

Sabo, Ibadan
6 ga Oktoba, 2003

Yaya Muttaka,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙo ya iso, daddawa ta riga ta shiga miya. Muna lafiya. Littafin ya yi kyau ƙwarai, har ƙawayena suna karɓa suna shafawa. Na gode.

Amma akwai matsala. A bincike na uku, shafi na bakwai, akwai jadawali. Sun raba ɓerayen kashi huɗu: waɗanda ba a ba komai ba, waɗanda aka ba garafuni, waɗanda aka ba ƙwayar suga irin ta asibiti, da waɗanda aka haɗa musu duka biyun. A layin kashi na huɗu babu lamba ko ɗaya bayan awa shida, sai ɗan tauraro. Tauraro yana nufin a duba bayani a ƙasan shafi. Na duba ƙasan shafi, babu shi. Kan haruffan kawai nake gani a bakin takardar, wuƙarka ta tafi da sauran.

Me ya sami ɓerayen nan? Me ya sa aka daina auna su? Tun jiya tambayar ta hana ni sakat. Na je na sake rubuta sunana a jerin kwamfutarmu, an ce sai ranar ashirin ga wata. Don Allah ka koma wurin Malama Sumayya ta sake buga mini wannan shafin shi kaɗai. Kada ka ɗinke, kada ka yanke, kada ka yi masa komai.

Ka yi haƙuri da gajeriyar takarda, Ɗantani yana ta danna mini oda.

Khairiyya

*

Wudil
17 ga Oktoba, 2003

Khairiyya,

Salam. Muna lafiya.

Na ga godiyarki, layi biyu da rabi, na auna. Sauran takardar duk laifina ne. Mako huɗu ina ɗaukar littafin nan kamar jariri, ke kuwa abin da kika gani shi ne yatsa biyun da babu. Na duba shafin sama kafin in sauke wuƙa, fari ne fes a ƙasa, babu rubutu. Haka nake yi shekara ashirin da biyu, manyan malamai sun karɓi aikina ba wanda ya taɓa dawo da shi. Ƙananan rubutun ƙasan shafi ai yawanci sunan maɗaba'a ne da kwanan wata. In ba ki so littafin ki dawo da shi, akwai inda zan ajiye.

Shafin da kike nema ba zai samu ba yanzu. Ruwan bankwana da aka yi ranar Talatar makon jiya ya zo da tsawa, ta faɗa wa farantin. Kwamfutocin suna kunnuwa amma ba sa jawo komai. An ce mai gyara zai zo daga Legas, ba a faɗi rana ba. Ki yi haƙuri da ɓerayenki, ko sun gudu ne.

Inna tana gaishe ki. Tana ta azumin Sha'aban, Litinin da Alhamis ba ta fashi. Sugan ne dai ya ɗan tayar mata kwanan nan. Ranar Litinin da hantsi zufa ta karyo mata, hannunta yana rawa, ta ce tana ganin jiri, har ta kira ni da sunan marigayi Baba. Alhamis ma haka. Da ta sha ruwa da magariba sai ta warware. Tun da na karanta mata takardun nan dama ta mayar da garafunin kofi biyu, yanzu na ce ta ƙara na uku ta haɗa da ƙwayar da asuba, kafin watan azumi ya kama sugan ya kwanta. Na sa an sayo mata dami guda a kasuwar Juma'a.

A gaida Kawu.

Muttaka

*

Sabo, Ibadan
20 ga Oktoba, 2003

Yaya Muttaka,

Salamu alaikum. Ka gafarce ni, yau ba zan tsaya dogon gaisuwa ba. Ka karanta wannan a tsaye, in ka gama ka hau babur ka tafi Kausani.

A hana Gwaggo garafuni. Yau, ba gobe ba. Abin da kake gani ba hawan suga ba ne, faɗuwarsa ce. Zufa, rawar hannu, jiri, ruɗewa har ta kira ka da sunan wani, sannan ta warware in ta ci abinci: suga ne ya yi ƙasa fiye da kima. Kai kuma kana ƙara mata abin da ke ƙara saukar da shi.

Jiya takardarka ta zo, na karanta. Yau da safe layina ya zo a laburare. Minti goma sha huɗu shafin yana buɗewa daga sama zuwa ƙasa, ina zaune ina kallon jadawalin yana fitowa layi-layi, ina addu'a kada a ɗauke wuta. Ƙasan shafin ne ya fito a ƙarshe. Cewa suka yi ɓerayen da aka haɗa wa garafuni da ƙwaya, alhali ba su ci abinci ba, sugansu ya faɗi har suka sume, biyar cikin takwas suka mutu, shi ya sa aka tsayar da awon. Ɓera ba mutum ba ne, ni na faɗa maka, amma alamun da ka lissafa na mutum ne, kuma su muke karantawa a aji.

Ga abin da za ka yi. Ka kai ta asibiti da ƙwayar da ganyen duka, ka faɗa wa likita komai, kada ka ɓoye garafunin don kunya. Kada ta ɗauki azumi sai ya gan ta. In abin ya zo mata, in tana iya haɗiya, a jiƙa suga a ba ta nan take, ko zuma, ko dabino, ko da azumi a bakinta. In ba ta iya haɗiya kada a ɗura mata, a ruga da ita asibiti.

Na nemi hanyar da ta fi wannan sauri na rasa. Wata ƙawata tana da wayar hannu, amma wa zan kira? Ba ku da ita, Kausani ma babu sabis. Ɗantani ya ce ba gida zai juya ba, Legas zai wuce ya jira kaya. Na roƙe shi har da kuka, ya ce zai yi ƙoƙari, in ya ga mai tafiya Wudil zai ba shi. Baba ya ce in bai ji komai ba zai bar rumfarsa ta kasuwa ya taho da kansa. Ana cewa Litinin za a tashi da azumi. Kwana bakwai ke nan.

Ban raina aikinka ba, wallahi. Littafin yana ƙarƙashin matashina. Ni na ja wannan, ni na aiko ka. In wani abu ya sami Gwaggo ban san da wane ido zan kalli Baba ba.

Allah ya sa ta riski hannunka da wuri.

Ƙanwarka,
Khairiyya

*

Wudil
31 ga Oktoba, 2003
5 ga Ramadan

Zuwa ga ƙanwata Khairiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barka da shan ruwa. Inna tana da rai, tana gida, tana cin abinci. Na fara da wannan don ki iya karanta sauran a zaune. Ki gaya wa Kawu ba sai ya taso ba.

Takardarki jiya Alhamis ta zo. Motar Ɗantani ta lalace a Jebba, ya kwana huɗu a gefen titi. Da ita na jira, da yanzu wata irin takarda nake rubuta miki.

Ga yadda aka yi. Kin san duk abin da wuƙata ta yanke a buhu nake tarawa a bayan ƙofa, in azumi ya zo in kai wa Safara'u ta riƙa hura wutar kunu da shi. Ranar Litinin, ɗaya ga watan azumi, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, na jawo buhun zan ɗaure a babur. Ina jin haushinki har lokacin, ba zan ɓoye miki ba. Na ce bari in nemo tsinannen yatsa biyun nan in aika mata, ta ga sunan maɗaba'a ne, ta ji kunya. Don in kunyata ki na zazzage buhun, ba don komai ba.

Bai yi wuyar samu ba. Na littattafan kyauta duk sun yi ja don tsufa, naki farare ne. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, sittin da huɗu. Yawancinsu babu komai, wasu lambar shafi. Guda ɗaya na da layi uku na ƙananan rubutu. Na karanta, akwai wata doguwar kalma da ban sani ba, amma na gane kalmar mutuwa, na gane biyar cikin takwas.

Na kai wa Malama Sumayya. Ta karanta, ta ce wannan kalmar faɗuwar suga take nufi. Na ce yaya ake gane ta a jikin mutum? Ta fara lissafawa da yatsu: zufa, karkarwa, jiri. Ba ta kai na huɗu ba na ce mata uwata ta sha kofi uku da ƙwaya da asuba, kuma tana azumi. Ta miƙe tsaye ta ce, "Malam Muttaka, me kake yi a nan?" Ta buɗe durowarta ta ba ni sugan shayinta.

Ban san yadda na isa Kausani ba. Na tarar da Inna kwance a rumfa, zaninta ya jiƙe sharkaf, idonta a buɗe amma ba ni take kallo ba. Matan gidan suna surfe a gefenta. Suka ce wahalar azumin farko ce, a bar ta ta yi barci zuwa magariba. Khairiyya, ko azahar ba a kira ba.

Na jiƙa sugan a moɗa, na ɗago kanta. Da ta ji ruwa a leɓenta ta datse haƙora. Duk ruɗewar da take ciki ba ta manta tana azumi ba. Ta ce, "Kai wane ne za ka karya mini?" Na ce, "Inna, Muttaka ne. Ki sha, in da zunubi a kaina." Ta ce ba ta sha. Matan suna ta salati, wata tana cewa na taɓu. Ni da ban yi kuka a gaban mutane ba tun rasuwar Baba, na durƙusa ina kuka ina roƙonta da girman Allah. Ina jin kukan ne ya sa ta buɗe baki, ba maganata ba. Ta haɗiya, ta sake haɗiya. Ba a yi minti goma sha biyar ba ta dube ni sosai ta ce, "Me ya kawo ka da rana tsaka, an kore ka daga aikin ne?"

Na samo mota muka kai ta asibiti, da ƙwayar da damin ganyen, kamar na san abin da kika rubuta. Likita ya auna, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya tambaye ni wa ya ce a ƙara kofi na uku. Na ce ni ne. Ya ce a ina na karanta likitanci? Na ce a shafin farko. Bai yi dariya ba. Ta kwana biyu a can. Ya hana garafunin, ya sauya mata yadda za ta sha ƙwayar, ya ce azumin bana ta dakata sai ya sake ganinta. Liman ma ya zo ya faɗa mata Allah bai ɗora wa mara lafiya ba.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, na sha faɗa wa ɗalibai masu yaga shafi ɗaya su gudu da shi. Ban san da kaina nake ba. Ke kin ce in jira, na ce na fi ki sanin jikin uwata. Kada ki ce ke kika ja, ba ke kika riƙe wuƙar ba. Abin da ke hana ni sukuni yanzu shi ne buhunan baya. Shekara ashirin da biyu ina duba shafin sama kawai in sauke wuƙa, Safara'u tana dama kunu da abin da ya faɗo. Ban san maganar mutum nawa muka ƙona ba.

Kwana uku Inna ba ta yi mini magana ba, wai ɗan da ta haifa ya karya mata azumin farko a gaban mata. Jiya na zauna a bakin ƙofarta na karanta mata takardarki, na fassara mata duka, har inda kika ce kin yi wa Ɗantani kuka. Can ta ce, ba ni take kallo ba, bango take kallo: "A gaya wa 'yar ƙanina ta zo da Sallah ta duba ni da kanta. Na gaji da likitan shafin farko."

An gyara faranti shekaranjiya. Malama Sumayya ta samo miki wasu bincike uku a kan haɗa ganye da ƙwaya, ta ce za su yi miki amfani a babi na biyu. Ga su nan a leda, na ɗaure da zare, tsirara kamar yadda suka fito. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi, na zauna a kansa.

A cikin ƙaramin ambulan kuma yatsa biyunki ne. Ya ɗan yamutse, akwai shatin babban yatsana a gefe, suga ne ya manne. Na so in liƙa miki shi a mazauninsa yadda ba mai ganewa, na iya. Na fasa. Ki sa shi a shafi na bakwai haka nan, yadda duk wanda ya buɗe littafin zai ga an taɓa yanke shi.

Bawanki, wannan karon ba da wasa ba,
Muttaka